Sauƙaƙe sandunan totur a tsohuwar mota: ribar waya da haɗarinta

Duk wanda ya taɓa jan ruwa a rijiyar Kusugu da ke Daura ya san halin igiya: tana jawo guga sama, amma ba ta iya tura shi ƙasa, nauyin gugan ne ke mayar da shi. Wannan shi ne abin da ya kamata mai tsohuwar mota ya riƙe kafin ya amince wa bakanike ya cire masa sandunan totur ya sa waya a madadinsu.

Ba kowace tsohuwar mota wannan batu ya shafa ba. Peugeot 504, wadda aka yi ta haɗawa a masana'antar Kaduna da aka buɗe a 1975, da waya take aiki tun asali. Masu sanduna su ne irin su Marsandi ƙirar W123 da aka fara fitarwa a 1976, da 'yar'uwarta ta ƙawa da gudu, SL ƙirar R107 ta 1971, da kuma Jaguar E-Type ta Ingila ta 1961, wadda ke da kafireto uku da tilas su buɗe tare. A cikinsu ƙarfin ƙafar direba yana bi ta sanda zuwa sanda, kowace da gaɓarta, kafin ya isa ga faifan da ke buɗe wa iska hanya.

Ciwon yana cikin gaɓoɓin. A ƙaddara suna shida, kowace ta cinye da rabin milimita. An sami milimita uku na wofi ke nan, sai direba ya taka totur injin bai amsa ba, can kuma motar ta zabura. Ƙurar hunturu ta arewacin Katsina tana ƙara dagula lamarin, domin idan ta cakuɗu da giris takan zama kamar yashi mai goge ƙarfe. Haka kuma idan robobin da injin ke zaune a kansu suka mutu, jijjigarsa kaɗai na iya motsa sandar ba tare da ƙafa ta taɓa komai ba. Waya ɗaya cikin bututunta tana kawar da duk wannan, ga ta da arha.

Sai dai waya igiya ce. Sifirin ne kaɗai ke rufe kafireto idan an ɗaga ƙafa, kuma ranar da ya tsinke a kan hanyar Daura zuwa Kano, injin zai ci gaba da ruri. Saboda haka a sa biyu, kowane da wurin ratayarsa, a kan hannun kafireton kansa ba a kan abin takawa ba. Kada a lanƙwasa wayar da tsanani, kada ta kusanci salansa, a kuma bar mata ɗan sassauci. Mataki na ƙarshe, wanda makanikai da yawa ke tsallakewa, shi ne a tabbatar abin takawa ya kai ƙarshensa daidai lokacin da faifan ya gama buɗewa, in ba haka ba ƙafa za ta riƙa ja da ƙarfi har wayar ta tsinke.

Akwai abin da ake rasawa. Masu ƙera Marsandi sun tsara sandunan ne ta yadda takun farko zai buɗe faifan kaɗan-kaɗan, abin da ke da daɗi a cunkoson kasuwa. Waya kai-tsaye ba ta yin haka sai an sa mata ƙafar juyi mai doro. A masu giyar atomatik kuwa, akwai mahaɗin da ke sanar da giya yawan takun direba, kuma cire shi na iya ƙona ta. Ga irin waɗannan, a ganina, sabunta gaɓoɓin ya fi. Wanda kuma ya sauya, ya adana tsofaffin sandunan a kwali, domin masu sayen motocin tarihi sukan rage kuɗi idan kayan asali babu.