Gammon gwiwa

A ƙasar Damargu, daga Tanut har Balbeji, gwiwa ba ta hutawa. Manomi yana duƙawa a gonar gero. Makiyayi yana jan guga a rijiya mai zurfi. Da kaka samari suna kokowa, yara suna langa da ƙwallo. Duk nauyin nan gwiwa ce ke ɗaukarsa.

Mine ne cikin gwiwa?

Ƙashi uku ne suka haɗu a gwiwa: ƙashin cinya, da ƙashin ƙwauri, da ƙoƙon gwiwa. A bakin kowane ƙashi akwai wani farin abu mai santsi, irin wanda ake gani a kan ƙashin rago. Sunansa guringuntsi. Tsakanin ƙashin cinya da na ƙwauri kuma akwai wasu guringuntsi biyu masu siffar jinjirin wata. Aikinsu kamar na gammo ne ga mai ɗaukar tulu: suna raba nauyi, suna hana ƙashi ya ci ƙashi.

Yadda gammo ke yagewa

In ƙafa ta kafe a ƙasa, jiki kuma ya murɗa da ƙarfi, gammon yana iya yagewa. Gwiwa ta kumbura, ta yi zafi. Wani lokaci ɓallin da ya yage yakan shiga tsakanin ƙashi, sai gwiwa ta maƙale, ta ƙi miƙewa.

Ƙashi in ya karye yana haɗewa, don jini yana kai masa abinci. Gammon gwiwa kuwa, gefensa na waje kaɗai ke samun jini. Abin da ya yage daga ciki ba ya haɗewa da kansa. Saboda haka ɗori ba ya maganinsa, ja da murɗawa ma ƙara ɓarna suke yi.

Aikin fiɗa

Mai irin wannan ciwo sai a kai shi gidan likita mafi kusa. In ciwon ya fi ƙarfin wurin, a tura shi Tanut, daga can zuwa babban asibitin Damagaram. Ba kowace gwiwa ake yi wa fiɗa ba. Tsofaffi da guringuntsinsu ya cinye, galibi motsa ƙafa da ƙarfafa naman cinya sun ishe su. Amma gwiwar da ta maƙale tana bukatar likitan fiɗa.

A shekarar 1883 wani likitan Ingila da Sikotilan, Tomas Anandal, ya buɗe gwiwar wani mahaƙin ma'adini, ya ɗinke gammon, mutumin ya koma bakin aikinsa. Duk da haka likitoci sun daɗe suna cire gammon gaba ɗaya. A 1948 aka nuna cewa gwiwar da ba ta da gammo tana saurin lalacewa. A 1962 wani likitan Japan, Masaki Watanabe, ya yanke ɓallin gammo ta ƴar ƙaramar kafa, yana leƙawa da madubi.

Yau, a asibitin da ke da kayan aikin, haka ake yi. A yi wa majinyaci allura don kada ya ji zafi. A huda ƙananan kafofi biyu. Ta ɗaya a zura ƴar kamara mai kaurin alƙalami, cikin gwiwa ya fito a allo kamar na talabijin. Ta ɗayar a zura kayan aiki. In yagewar tana gefen da jini ke zuwa, a ɗinke. In ba ta ɗinkuwa, a datse ɓallin kaɗai, a bar sauran.

Bayan ɗinki mutum yana tafiya da sanda makonni, ba ya komawa kokowa ko ƙwallo sai bayan watanni. Wanda ya yi gaggawa, ɗinkin yana iya warwarewa. Wanda kuma ya yi jinkirin zuwa likita, gammonsa yana iya ragargajewa har ɗinki ya gagara.

Tambayoyi

1. Ƙashi nawa suka haɗu a gwiwa?
2. Don mi gammon gwiwa ba ya haɗewa kamar ƙashi?
3. In gwiwar abokinka ta maƙale a wurin wasa, mi ya kamata a yi?