Riƙo da Sallama: Makomar Matsugunin Ɗan Riƙo Bayan Ya Kawo Ƙarfi a Giwa Tazo da Kewayenta

Tsakure

Wannan maƙala ta dubi ranar da riƙo yake ƙarewa, wato lokacin da yaron da ya tashi a hannun wanda bai haife shi ba ya kai munzalin tsayawa da ƙafafunsa. An ɗauki Giwa Tazo ta ƙaramar hukumar Maiyama da maƙwabtanta na Jega da Aliero a matsayin farfajiyar tattaunawa. Maƙalar ta bayyana tanadin da al'ada ta yi wa ɗan riƙo ta fuskar ɗaki da gona da aure, da iyakar da dokar gado ta shata masa, da giɓin da ke buɗewa idan mai riƙo ya rasu kafin ya sallame shi. Daga ƙarshe ta nuna cewa akwai kafofin gyara a cikin fiƙihun Malikiyya da dokar ƙasa waɗanda ba a cika amfani da su ba.

1.0 Gabatarwa

Bahaushe yakan ce ɗa na kowa ne. Wannan magana tana aiki sosai muddin yaro yana buƙatar tuwo da sutura da tarbiyya. Tana fara rauni ne ranar da buƙatarsa ta koma ta fegi da gona da kuɗin aure, domin waɗannan kadarori ne masu iyaka, kuma kowannensu yana da magada da ke jiran sa. Giwa Tazo, kamar sauran garuruwan karkara na masarautar Gwandu a Jihar Kebbi, gari ne da rayuwa ta dogara ga ƙasa. Wanda ba shi da gona ko wurin gina ɗaki a irin wannan wuri, zamansa na aro ne ko da a nan aka yaye shi. Tambayar da maƙalar ta sa gaba ita ce: idan riƙo ya ƙare, ina ɗan riƙo zai kwana, kuma wa ke da alhakin samar masa wurin?

2.0 Riƙo da Dangoginsa

Riƙo shi ne mutum ya ɗauki ɗan wani ya rene shi a gidansa ba tare da an canza wa yaron nasaba ba. Dalilansa suna da yawa. Akwai kunyar ɗan fari, wadda takan sa a miƙa yaro ga kakanni bayan yaye. Akwai tausaya wa macen da ba ta samu haihuwa ba, a ba ta ɗiyar ɗan'uwanta ko ta 'yar'uwarta. Akwai mutuwar iyaye, da mutuwar aure, da neman ilimi ko sana'a. Littafin Baba of Karo na Mary Smith, wanda ya fito a 1954, ya ba da hoton wannan al'ada daga bakin mace wadda ita kanta ba ta haihu ba, ta kuma riƙe 'ya'yan dangi. Esther Goody kuwa, a aikinta na 1982 kan riƙo a Afirka ta Yamma, ta nuna cewa ayyukan iyaye suna iya rarrabuwa tsakanin mutane daban-daban: wani ya haifa, wani ya rena, wani ya koyar, wani ya tsaya wa yaro har ya shiga sahun manya. Wannan aiki na ƙarshe shi ne abin da ake nufi da sallama a wannan maƙala.

Ya kamata a bambanta ɗan riƙo da wasu rukunoni da ke kusa da shi. Agola ya biyo uwarsa ne zuwa gidan sabon mijinta, kuma zamansa ya rataya ga ɗorewar aurenta. Almajiri amana ce a hannun malami, da sharaɗin zai koma gida bayan karatu. Tsintacce kuwa ba a san danginsa ba, shi ya sa yakan ƙare a gidan marayu ko a hannun wanda hukuma ta damƙa wa. Dukansu sun haɗu a abu ɗaya: rufin da suka girma a ƙarƙashinsa ba na mahaifinsu ba ne.

3.0 Tanadin Al'ada

A tsarin gandu, saurayi yana noma tare da maigida, shi kuma maigida yana ɗauke da cinsa da harajinsa da ɗawainiyar aurensa na fari. Akan yanka masa gayauna ya riƙa nomawa don biyan ƙananan buƙatunsa. Polly Hill ta yi bayanin wannan yarjejeniya dalla-dalla a nazarinta na Batagarawa da aka buga a 1972. Ɗan riƙo namiji yakan shiga gandun mai riƙonsa kamar ɗan cikinsa. Idan ya balaga sai ya bar cikin gida ya koma kwana a zaure ko shagon samari. Idan aure ya zo, a ja masa danga a gefen gida, a taru a yi gayyar gina masa ɗaki. Wannan ita ce sallamar namiji: mata da ɗaki da wurin noma.

Sallamar mace ta bi wata hanya. Uwar riƙo ce ke tara mata kayan ɗaki tun tana ƙarama, sau da yawa daga ribar tallar da yarinyar ta yi mata, kuma gidan riƙo ne ke yin gara. Matsuguninta na gaba shi ne ɗakin mijinta.

Abin lura shi ne duk wannan tanadi ya tsaya ne a kan mutunci da kunyar idon jama'a. Ba a rubuta shi, ba a kafa masa shaidu, kuma yana aiki ne idan mai riƙo yana raye kuma yana da hali.

4.0 Matsayin Shari'a

Musulunci ya kwaɗaitar da kula da maraya, amma ya hana a jingina yaro ga wanda ba mahaifinsa ba, kamar yadda ya zo a ayoyi na 4 da 5 na Suratul Ahzab. Sakamakon haka riƙo ba ya haifar da gado. Ɗan riƙo yana gadon mahaifansa, ba ya gadon mai riƙonsa sai idan dama yana cikin magadansa ta hanyar nasaba. Aya ta 6 ta Suratun Nisa'i kuma ta ɗora wa waliyyi nauyin jarraba hankalin maraya, ya miƙa masa dukiyarsa a gaban shaidu idan ya ga ya shiryu. Ma'aunin a nan shiriya ce wajen sarrafa dukiya, wadda ba lallai ta zo daidai da wata shekara ƙayyadadda ba.

Akwai mas'ala ɗaya da ta fi shafar karkara. Idan mutum ya rasu mahaifinsa yana raye, ya bar 'ya'ya, galibi kakan ne ke ɗaukar su. Ranar da kakan ya rasu ya bar ɗa namiji, wannan ɗa yana katange jikokin daga gado. A misali, yaron da ya yi shekara goma sha biyar yana noma gandun kakansa zai iya wayar gari gonar ta zama ta baffanninsa, ɗakin da yake kwana kuma ya faɗa rabon wani. Ƙasar Masar ta magance wannan a 1946 da dokar wasiyya ta wajibi, wadda ta ba irin waɗannan jikoki rabon mahaifinsu matuƙar bai wuce sulusi ba. A fiƙihun Malikiyya da kotunan shari'a na arewacin Nijeriya suke bi, al'amarin ya rage ga kakan: ko dai ya yi wasiyya, ko ya yi kyauta tun yana raye.

5.0 Inda Giɓin Yake

Abubuwa uku ne suka raunana tsohon tanadi. Na farko, gonaki suna ƙara tsukewa da kowane rabon gado, kuma ƙasa ta zama haja mai tsada, musamman fadamun da ake noman albasa a Aliero da na shinkafa a kwarin gulabe. Magajin da a da zai bar wa ɗan riƙo gayaunarsa don kunya, yau yana lissafin abin da za ta kawo idan an sayar ko an ba da jingina. Na biyu, gandu kansa yana watsewa da wuri, samari suna fita cin rani ko neman aikin lebura a kasuwar Jega da Birnin Kebbi da garuruwan kudu. Na uku, ɗawainiyar aure da gini ta yi nauyi, kuma idan hali ya gaza 'ya'yan ciki ake fara dubawa.

Ga mace, giɓin yakan bayyana ne bayan mutuwar aure. Al'ada ta ce bazawara ta koma gidansu. Wadda aka riƙe tun tana shekara biyu tana da gida biyu da suna, amma idan uwar riƙo ta rasu, gidan riƙo ya zama na magada, gidan mahaifi kuma ba ta saba da kowa a cikinsa ba.

Dokar Kare Haƙƙin Yara ta 2003, wadda Kebbi ta yi tata daga baya, ta yi tanadi kan riƙo, amma ta ayyana yaro da wanda bai kai shekara 18 ba. Kariyarta tana janyewa daidai lokacin da buƙatar matsuguni take farawa. Bugu da ƙari, mafi yawan riƙon karkara ba ya bi ta kotu ko ofishin jin daɗin jama'a, don haka hukuma ba ta da sunan yaron balle ta bibiyi makomarsa.

6.0 Abin da Wasu Ƙasashe Suka Gano

Ƙasashen da riƙo yake hannun gwamnati sun ci karo da wannan matsala tun da daɗewa. A Ingila, dokar shekarar 2000 ta wajabta wa ƙananan hukumomi naɗa wa matashin da zai bar riƙo mai ba shi shawara tare da rubuta masa tsarin makoma. A 2014 aka ba shi damar ci gaba da zama a gidan riƙo har shekara 21, a 2017 kuma aka tsawaita taimakon mai ba da shawara zuwa shekara 25. A Amurka, dokar 2008 ta ba jihohi damar tsawaita riƙo zuwa shekara 21, sannan a 2019 aka fito da tallafin kuɗin haya na musamman ga matasan da suka fito daga riƙo. Ƙa'idojin Majalisar Ɗinkin Duniya na 2009 kan renon yaran da ba sa hannun iyayensu sun nemi a fara shirin sallama tun da wuri, a kuma ci gaba da tallafi bayanta. Tsarin haya da albashin ma'aikata ba zai dasu a Giwa Tazo yadda yake ba. Abin ɗauka shi ne fahimtar da ta haifar da dokokin, cewa cika shekara 18 ba ya samar wa mutum ɗaki. Ma'aunin shiriya na fiƙihu da tsarin gandu sun riga sun san haka.

7.0 Kafofin Gyara

Kafa ta farko ita ce kyauta. Mai riƙo yana da ikon mallaka wa ɗan riƙo fegi ko gona tun yana da lafiya. Sharaɗin Malikiyya shi ne wanda aka bai wa ya karɓi abin ya shiga hannunsa kafin mai kyautar ya rasu ko ya kwanta ciwon ajali, in ba haka ba kyautar ta ɓaci. Furucin baki na "wannan gonar taka ce" ba ya wadatarwa idan maigida ya ci gaba da noma ta a matsayin tasa. Ta biyu ita ce wasiyya, wadda ta halatta ga wanda ba magaji ba har zuwa sulusin dukiya. Duka biyun suna buƙatar rubutu da shaidu, kuma limami da hakimi ko dagaci sun isa su tsaya a kai. Ta uku, Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta ba ƙaramar hukuma ikon ba da izinin mallaka na gargajiya a filayen da ba na birni ba, don noma ko zama. Ƙananan hukumomin Maiyama da Jega da Aliero suna iya keɓe wani kaso ga marayu da 'yan riƙo idan ana yanka filaye. Ta huɗu ita ce waƙafi, wanda jihohin Sakkwato da Zamfara suka kafa wa hukumomi tare da zakka. Gida ko shago ko gonar waƙafi ba ta shiga rabon gado, saboda haka tana iya zama masauƙin wanda magada suka tasa.

8.0 Kammalawa

Maƙalar ta nuna cewa al'adar Hausawa ta san sallama, ta kuma tanadar mata ɗaki da gona da aure, sai dai ta rataya su ga rayuwar mutum ɗaya da kunyar magadansa. Shari'a ta rufe wa ɗan riƙo ƙofar gado, ta bar masa ta kyauta da wasiyya da waƙafi a buɗe. Aikin da ke gaban masu nazarin Hausa shi ne shiga garuruwa irin Giwa Tazo su tattara kalmomi da karin magana da labaran da jama'a ke amfani da su a kan ƙarshen riƙo, su kuma duba bayanan shari'o'in gado a kotunan yankin, domin a ga sau nawa ɗan riƙo yake fita da wani abu a hannunsa, da kuma hanyar da ya bi ya same shi.