Zaɓen Manhajojin Uwar Garke: Tsawon Kulawa Ya Fi Sauri Muhimmanci

Uwar garke ita ce kwamfutar da ake ajiye shafukan intanet a cikinta, wadda ke aiki dare da rana tana amsa buƙatun masu ziyara, kuma aikinta ya rataya ne a kan manhajoji biyu: babbar manhaja, wadda ke sarrafa na'urar kanta tana rarraba ƙarfinta tsakanin ayyuka, da kuma manhajar da ke karɓar buƙatar burauza ta miƙa mata shafin da ta nema.

Akasarin irin waɗannan kwamfutoci suna aiki ne da Linux, wadda Linus Torvalds ya fara rubutawa a shekarar 1991 yana ɗalibi a Jami'ar Helsinki, kuma farin jininta ya samo asali ne daga kasancewarta kyauta, tushen rubutunta kuma a buɗe yake ga duk mai son dubawa ko gyarawa. Windows Server ta kamfanin Microsoft, da manhajarta ta miƙa shafi, IIS, sai an sayi lasisi, saboda haka ba ta zama dole sai ga wanda aka gina masa shafinsa da tsohuwar fasahar ASP.NET.

Ita kanta Linux nau'i-nau'i ce, akwai Debian da aka kafa a 1993, da Ubuntu wadda kamfanin Canonical ya fitar a 2004, da ta kamfanin Red Hat, kuma abin da ya kamata a fara tambaya a kan kowane nau'i shi ne tsawon wa'adin da masu shi za su ci gaba da toshe kafofin da masu kutse ke bi. Ubuntu tana fitar da bugu mai dogon wa'adi a watan Afrilu duk bayan shekara biyu, ana kula da shi shekara biyar. Labarin CentOS ya isa darasi a nan, domin a da ita ce kwafin Red Hat na kyauta wanda kamfanonin ba da hayar uwar garke suka daɗe suna dogaro da shi, amma a watan Disamba na 2020 sai Red Hat ya sanar da cewa kulawa da bugu na 8 za ta ƙare a ƙarshen 2021 maimakon 2029 da aka alkawarta, lamarin da ya tilasta wa masu shafuka ƙaurar da ba su shirya mata ba, ya kuma haifar da Rocky Linux da AlmaLinux.

A ɓangaren manhajar miƙa shafi kuwa, muhawarar ta fi zafi tsakanin Apache, wadda ta fito a 1995, da Nginx, wadda Igor Sysoev ɗan Rasha ya fitar a 2004. Tsohon tsarin Apache yana ware wa kowane mai ziyara aiki na kansa, wanda hakan ke cinye ma'adanar wucin gadi idan jama'a suka yi cincirindo, alhali Nginx tana amfani da ayyuka kaɗan da kowannensu ke juya dubban buƙatu lokaci guda. Sai dai Apache ta daɗe da samar da tsari makamancin na Nginx, kuma shafin makaranta ko na ƙaramar jarida da wuya ya kai cunkoson da bambancin zai bayyana. Yawanci jinkirin irin wannan shafi yana fitowa ne daga rumbun bayanai ko hotuna masu nauyi.

Saboda haka ma'aikatar da ke shirin kafa uwar garke ta zaɓi nau'in Linux da ma'aikacinta ya ƙware a kansa, mai dogon wa'adin kulawa, sannan ta rubuta ranar ƙarewar wa'adin tun kafin ta ɗora shafi ko ɗaya.