Manna Dey: Mawaƙin da iliminsa ya hana shi waƙar jarumai

Jama'a, duk wanda ya kalli Sholay na 1975 ba zai manta waƙar abotar nan ba, wadda Amitabh Bachchan da Dharmendra suke yi a kan babur. Murya biyu ce a cikinta. Ɗaya ta Kishore Kumar ce, kowa ya san shi. To ɗayar fa? Ta Manna Dey ce, kuma na tabbata da yawanmu yau ne muka fara jin sunan.

Sunansa na yanka Prabodh Chandra Dey. An haife shi a Kalkata ranar 1 ga Mayu, 1919. Yana matashi kokawa da dambe ne suka fi ɗaukar hankalinsa. Ƙanen mahaifinsa, K.C. Dey, wani makahon mawaƙi mai suna, shi ya ja shi ya fara koya masa waƙa, daga baya ya zauna gaban malamai irin su Ustad Dabir Khan.

Waƙar gargajiyar Indiya karatu ce sosai. Akwai abin da suke kira raga, wato tsararren salon sauti mai dokar yadda murya za ta hau da yadda za ta sauko. Ɗalibi sai ya yi shekaru yana maimaitawa kullum kafin malami ya sallame shi. Da wannan guzurin ya bi K.C. Dey zuwa Bombay a 1942.

A can ne abin ya zo masa da ƙaddara. Kun san yadda ake yi, kamar dai a Kannywood: mawaƙi yana situdiyo, jarumi yana motsa baki. A fim ɗin Ram Rajya na 1943 aka sa shi ya yi wa wani dattijon malami waƙa, alhali shekarunsa 24 kacal. Ya yi ta da kyau, sai furodusoshi suka riƙe shi a haka. In waƙa ta yi wuya, ko ta tsoho ce, ko ta ɗan barkwanci, a kira Manna Dey. In ta soyayya ce ta jarumi, sai a nemi Mohammed Rafi ko Mukesh, daga baya Kishore.

Ba wai bai iya ba ne fa. Waƙar ruwan saman nan ta Shree 420 na 1955, da Raj Kapoor da Nargis a ƙarƙashin lema ɗaya, shi ne ya yi ta tare da Lata Mangeshkar.

A Basant Bahar na 1956 aka haɗa shi gasar waƙa da Bhimsen Joshi, babban gwanin waƙar gargajiya, kuma labarin fim ɗin ya ce dole ɓangaren Manna Dey ya ci. Da bakinsa ya faɗa cewa tsoro ya kama shi har ya so ya gudu, matarsa ce ta ƙarfafa masa gwiwa. A Padosan na 1968 kuwa sai reshe ya juye da mujiya: ya yi wa Mehmood waƙa, aka sa ya sha kaye a hannun Kishore, wanda bai taɓa zama gaban malamin waƙa ba.

Karramawa ta zo, amma a makare. Kambun Filmfare na gwarzon mawaƙi sau ɗaya tak ya ɗauka, da waƙar Mera Naam Joker. Lambar Dadasaheb Phalke, mafi girma a harkar fim ɗin Indiya, ta shekarar 2007 aka ba shi. Ya rasu a Bangalore ranar 24 ga Oktoba, 2013, yana da shekara 94.

Shawarata, ku nemo waƙar da Pran ya hau a Zanjeer na 1973, ku sa abin ji a kunne, ku bar kallon rawar, ku bi muryar kawai. A nan za ku ji inda karatun shekarun nan ya tafi.