ƘARA A BAYAN AMALANKE: YADDA ZA A GANE INDA TA KE

Bayan da Ma'aikatar Gona ta soma koya wa manoman Nijeriya ta Arewa noma da shanu wajen 1928, amalanke ya zama abokin garma. Shi ke kai taki gona da rani, shi ke kwaso dawa da gyaɗa da kaka. Amma manomi da yawa ya kan ji ƙwanƙwasa a bayansa ya yi biris, sai ran da ƙafa ta fice a tsakiyar hanya, kaya su zube, sa ya karye. Alhali kuwa ƙarar nan ita da kanta ta kan nuna inda ɓarna ta ke, in an kasa kunne.

Da fari ka lura da lokacin da ta ke zuwa.

In ba ka jinta sai amalanke ya faɗa rami ko ya hau kunya, to, wani abu ne ya saki. Ka duba ƙyauren baya da katakan daɓe, sa'an nan notunan da su ka riƙe akwatin bisa gatari, watau ƙarfen nan da ƙafafu ke juyawa a kansa. Ka ɗaure su da sifana. Wannan ita ce mai sauƙi.

In ta kan zo ne sa'ad da shanu su ka ɗaga ko su ka tsaya, ka duba inda sandar ja ta haɗu da akwati. Ka duba kaya kuma, ko suna zamewa. Nauyi bisa gatari ya kamata ya zauna, don in ya koma baya sanda ta kan ɗaga karkiya ta shaƙe shanu.

Amma in ƙara tana bin juyawar ƙafa, shanu na ƙara sauri tana ƙaruwa, ka tsaya nan take. Wannan ita ce mai haɗari. Ka kwance shanu, ka sauke kaya, ka tokare ɗaya ƙafar da duwatsu. Ku ɗaga gefen da a ke zargi, ku aza shi bisa kututture mai ƙarfi. Ka kama taya sama da ƙasa ka jijjiga. In ta yi girgiɗi, ka fara da notunan ƙafa. Jan tsatsa a gindin noti alama ce ya daɗe da saki. In notuna suna daram, ka juya ƙafar da hannu. Gurnani kamar na dutsen niƙa ya nuna boris ya ci, yawanci don giris ya bushe, ko yashi da ruwan rafi sun shiga. Cibiyar ƙafa irin wannan ta kan ɗauki zafi bayan tafiya. Boris da ya ci ba ya gyaruwa da ƙarin giris, sai makanike ya sake shi. Kada ka ce bari in ƙarasa kai wannan kaya tukuna. Da muguwar rawa gwamma ƙin tashi.

Muna roƙon dagatai da masu unguwa su karanta wa jama'arsu wannan takarda tun amfanin gona bai nuna ba, domin kowa ya duba nasa a gida. Ran da gyaɗa ke shanye a gona, hadari kuma ya taso, ba ranar neman makanike ba ce.