Bindigar Baba Mai Guntuwar Ƙota

Wannan karon ba zancen takardun zama ko neman aikin hutu na zo muku da shi ba. Zancen wata tsohuwar bindiga ne, wadda ta kusa haɗa ni faɗa da mahaifina a falonmu na Saint-Denis. Kada hankalin kowa ya tashi, ba mu da harsashinta, ba ma kuma nema.

Wata ranar Lahadi Baba ya tafi kasuwar tsofaffin kaya ta Saint-Ouen neman fitila, sai ga shi ya dawo da wani dogon abu naɗe cikin bargo. Inna na ganin abin da ke ciki ta ce, "Malam, a ƙasar mutane? So kake a kwashe mu gaba ɗaya?" Baba ya ce mai kayan ya tabbatar masa babu laifi. Ni ma na bincika. A dokar Faransa, yawancin bindigogin da aka fitar da samfurinsu kafin 1 ga Janairu 1900 suna cikin rukunin D, wato kayan tarihi, baligi na iya ajiye su a gida ba tare da lasisi ba. Amma yawo da su a titi ba dalili laifi ne, ku kiyaye.

Me ya sa ya saye ta? Cewa ya yi sak irin ta kakanmu ce, wanda ya dawo daga sojan Faransa ya koma farauta a wani ƙauye kusa da Tasawa. Tun yana yaro shi ke goge ta da tsumma da man gyaɗa.

Wace irin bindiga ce?

Da na zo hutu daga Lyon, inda nake karatun tarihi a jami'a, na kai ta bakin taga na karanta rubutun da ke jikin ƙarfen: Saint-Étienne, samfurin 1874. Wato Gras ce, mai sunan hafsan da ya tsara ta, Basile Gras. Ita ta gaji Chassepot ta 1866 mai harsashin takarda. Gras ta zo da harsashi mai kwanson tagulla, faɗinsa milimita 11, ana ɗura ɗaya a harba ɗaya. Tsawonta wajen mita 1.30, nauyinta kilo 4 da ɗoriya. An ƙera ta a masana'antun gwamnati uku: Saint-Étienne, Châtellerault da Tulle. Ba ta daɗe tana tashe ba, domin a 1886 Lebel ta fito da albarushi marar hayaƙi, ta mayar da ita tsohon yayi.

To, me za a yi da tulin bindigogin da soja ya gama da su? Sai aka yi gwanjonsu. Maƙeran Saint-Étienne da na Liège a Beljiyam suka saya, suka share zanen cikin bututun don ya ɗauki harsashin farauta, suka yanke ƙotar, wato katakon da ke rungume da ƙarfen, don ta yi sauƙin ɗauka. A asalinta ƙotar na bin bututun har kusa da baki. A ta Baba an datse ta daidai gaban zoben ƙarfe na ƙasa, kusan taƙi biyu na katako sun tafi, tare da zoben baki da sandar goge bututu.

Ni dai ganin farko na ce wannan ai nakasasshiya ce. Na taɓa ganin cikakkiyarta a gidan tarihin soja na Invalides, doguwa, gwanin sha'awa. Nan take na yanke shawara zan mayar da ta Baba haka, in ba shi mamaki.

A shagon Kawu

Ƙanen Inna kafinta ne, sama da shekara ashirin yana aikin katako a nan yankin. Na kai masa ita ranar Asabar da samfefa a aljihuna. Yana ganin samfefar ya ƙwace.

"Ɗana, garin neman gira kada ka rasa ido. Dubi nan."

Ya nuna mini wani zagayayyen hatimi a gefen gindin ƙotar, ya dushe amma ana ganinsa. Masana'anta ce ta buga shi lokacin da aka karɓi bindigar. Goga biyu na samfefa sun isa su shafe shi har abada. Wannan shi ne darasi na farko: tsohon katako ba a kankare shi. Tsumma mai ɗan danshi da sabulu kaɗan, sannu a hankali, shi ke nan.

Darasi na biyu shi ne awo. In an rage bututun ma, to aikin banza za ka yi, don sabon katako ba zai zauna inda ya kamata ba. Muka auna, muka samu wajen santimita 82, wato ba a taɓa tsawonsa ba.

Sai neman katako. Ƙotar Gras da itacen noyer ake yin ta, mai duhu, mai ƙarfi, ba ya saurin tsagewa. Kawu ya ce ba launi ake fara dubawa ba, jijiyar katakon ake dubawa, dole ta bi hanya ɗaya da ta tsohon. Launi ana iya gyara shi da rini, jijiya kuwa in ta karkace ko makaho ya shafa zai gane. A jikin wata karyayyar ƙafar tsohon teburi muka samu wanda ya dace.

Aikin kansa na haƙuri ne. Ana fafe kwarin da bututu zai kwanta a sama, a fafe na sandar gogewa a ƙasa, kuma katakon da ke tsakaninsu siriri ne ƙwarai, kuskure ɗaya ya fashe. Kawu yakan shafa baƙin hayaƙin kyandir a jikin bututun, ya ɗora katakon, ya ɗaga. Duk inda baƙi ya taɓa, nan ne ya yi tudu, sai ya shafce kaɗan da kurfi, ya sake gwadawa. Na daina ƙirga sau nawa. Mahaɗar kuma a ƙarƙashin zoben ƙarfen ake ɓoye ta. Masu wannan sana'a sukan yanka bakin katakon biyu a karkace don gam ya samu wurin kamawa, su sa turaku a ciki, su manne. Daga nan rini, sai man lin, a shafa kaɗan da tafin hannu, a bari ya bushe kwana biyu, a sake.

Mun zo daidai wurin yanka tsohon katakon ke nan, zarto a hannun Kawu, sai ya ajiye. Ya ce, "Wannan ba na yanka shi sai mai abu ya sani."

Abin da Baba ya ce

Da daddare na gaya wa Baba, ina jiran yabo. Ya yi shiru har na zaci bai ji ba. Can ya ce, "Kai da kake karatun tarihi, doguwar da kake so ka maido, a hannun wa take?"

Wallahi na san amsar, ban dai taɓa haɗa ta da bindigar falonmu ba. Bayan sojojin cikin Faransa sun koma Lebel, da yawa daga sojojinta baƙar fata Gras aka bari a hannunsu. Cikinsu har da namu: a 1891 Faransa ta kafa rundunar da ta kira tirailleurs haoussas a Dahomey, kuma sun shiga yaƙin da aka yi da Sarki Béhanzin a 1892. A cikin waɗannan shekarun ne ayarin Voulet da Chanoine ya ratsa ƙasar Hausa. A Afrilun 1899 suka auka wa Lugu, garin Sarauniya, a watan Mayu suka yi kisan gilla a Birnin Ƙwanni. Su biyun sojojinsu ne suka kashe su a watan Yuli, kabarinsu na Maijirgi, ba nisa da Tasawa. Ragowar ayarin suka kama Damagaram a ƙarshen watan nan.

Baba ya ce, "Doguwar ita ta shigo mana gari. Guntuwar ita ta kawo mana zabi da gada lokacin da rumbu ya yi ƙasa. Ni guntuwar na saya."

Na ce masa ai gyara ne kawai, ya ce gyaran wa? Na ce masu tara kayan tarihi sun fi daraja cikakkiya, ya ce shi bai sa ta a kasuwa ba. Raina ya ɓaci, na koma Lyon ba mu shirya ba.

Daga Lyon zuwa Saint-Étienne bai kai awa ɗaya a jirgin ƙasa ba. Na je gidan tarihin fasaha da masana'antu na garin, inda suke da tarin makamai. Masana'antar da ta ƙera ta Baba an rufe ta tun 2001. Ina zagayawa na lura ba na soja kaɗai aka jera ba, na farauta ma suna da nasu wurin. Sai na tuna abin da ake koya mana a aji: duk abin da mai gyara ya ƙara wa kayan tarihi, ya kasance ana iya gane shi, ana kuma iya cire shi. Kuma gaskiya, bindigar da aka share cikin bututunta ba za ta sake zama ta soja ba, ko da wane katako aka liƙa mata. In wata rana ta bar hannunmu, wani zai iya sayar da ita a matsayin ta asali ya cuci bawan Allah.

Yadda muka ƙare

Na kira Kawu, ashe shi ya riga ni tunani. Bai yanka komai ba, bai sa gam ba. Ya gyara bakin sabon katakon ya dace da tsohon yankan yadda yake, ya bar masa ɗan harshe da ke shiga ƙarƙashin zoben. Zoben baki, wanda muka samo wurin masu sayar da tsofaffin kayan soja, shi ke riƙe ɗaya ƙarshen. A cikin kwarin ya rubuta shekarar aikin da fensir. Minti biyu ka saka, minti biyu ka cire.

Shawarata ga duk wanda ya tarar da irin wannan a gidansu, bindiga ce, takobi ne ko akwatin kaka: ka ɗauki hoto kafin ka taɓa, ka ɓoye samfefa, ka kuma tambayi mai abu labarinsa tukuna. Ni sai da na kusa sa zarto sannan na ji labarin kakana na farauta, abin da ban taɓa tambaya ba shekara 22.

Yanzu tana rataye a ɗakin Baba, guntuwa yadda ya saye ta. Sabon katakon na cikin durowa naɗe da tsohon rawani. Da ƙaramar Sallah ƙannena suka matsa, Baba ya ciro shi da kansa ya saka, ya ba su labarin Birnin Ƙwanni, sannan ya cire ya ba su na zabi. Inna dai har yau cewa take fitila aka aike shi saye.

Allah ya jiƙan magabatanmu. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.