Alshajara: yadda ake bin ƙungiyar da ba ta da filin gida

Da yammacin Asabar 3 ga Janairun 2026, a birnin Tanja na ƙasar Maroko, Sudan ta zura wa Senegal ƙwallo a raga tun ba a cika minti goma da take wasa ba. Aamir Abdallah ne ya ci. Senegal ta farke, ta ƙara ta biyu kafin a tafi hutun rabin lokaci, aka tashi 3-1, Sudan ta fita daga gasar cin kofin nahiyar Afirka a zagayen 'yan 16.

Mai kallo daga Yamai ko Kano bai yi mamakin sakamakon ba. Abin mamakin shi ne yadda ƙasar da ke cikin yaƙi tun ranar 15 ga Afrilun 2023, wadda gasar lig ɗinta ta tsaya, manyan filayenta suka lalace, ta iya kaiwa wannan mataki. Sai kuma tambaya ta biyu, wadda ba a cika yi ba: ta yaya magoya baya ke bin ƙungiyar da ba su ƙara ganin ta taka leda a gida ba tun da aka fara harbi? Unguwar Alshajara da ke kudancin Khartoum wuri ne mai kyau na neman amsa.

Unguwar da yaƙi ya zauna a kanta

Alshajara kalmar Larabci ce, ma'anarta bishiya. Unguwar na gefen gabas na Farin Nilu, kuma a zamanin mulkin Ingilishi ana kiran wurin Bishiyar Gordon. A nan ne sansanin rundunar tankokin yaƙi ta sojojin Sudan yake, wanda ya zama musabbabin wahalar mazauna. Dakarun RSF sun yi wa sansanin ƙawanya, suka kai masa manyan hare-hare musamman a watan Agustan 2023, amma ba su ƙwace shi ba. Unguwannin da ke kewaye, irin su Jabra da Lamab da Hamadab, sun sha ruwan harsasai na tsawon watanni, jama'a da dama suka watse zuwa wasu jihohi, wasu suka tsallaka Masar ko Sudan ta Kudu. Sai a watan Maris na 2025 sojoji suka karɓe birnin Khartoum, mutane suka fara komawa, da yawansu suka tarar da gida ba ƙofa, ba wayar lantarki.

Daga Alshajara zuwa Omdurman tsallaka kogi ne kawai. Can ne gidan manyan ƙungiyoyin ƙasar biyu, Al-Hilal mai shuɗin kaya da Al-Merrikh mai jan kaya, kuma filayensu na maƙwabtaka da juna. Ana yi wa na Hilal kirari da Shuɗin Lu'ulu'u, na Merrikh kuma Jar Ganuwa. Kafin yaƙi, ranar wasan hamayyarsu motocin haya daga kudancin Khartoum kan cika da samari masu tuta tun da rana tsaka. A Sudan da wuya a sami gidan da ba a san ɓangarensa ba, wani gidan ma a rabe yake, uba Hilal, ɗa Merrikh.

Ƙwallon ƙafa ya daɗe da kafuwa a nan. A Khartoum aka kafa hukumar CAF a watan Fabrairun 1957, da ƙasashe huɗu: Sudan da Masar da Habasha da Afirka ta Kudu. A wannan watan kuma birnin ya karɓi baƙuncin gasar Afirka ta farko, wadda ƙasashe uku kawai suka buga, don an cire Afirka ta Kudu saboda ta ƙi kawo ƙungiyar da ta haɗa fari da baƙi. A 1970 Sudan ta lashe kofin a gida bayan ta doke Ghana da ci 1-0. Tsofaffin masu bin ƙwallo a Najeriya za su tuna 1989, lokacin da Merrikh ta hana Bendel United kofin zakarun kofuna na Afirka. Haka nan a filin Merrikh ɗin ne ɗan wasan Najeriya Endurance Idahor ya yanke jiki ya faɗi ana tsakiyar wasa a watan Maris na 2010, rai ya yi halinsa.

Gida a Juba, gida a Benghazi, gida a Nuwakshot

Da yaƙi ya ɓarke, dole tawagar ƙasar ta nemi aron fili. Ta karɓi baƙi a Juba, babban birnin Sudan ta Kudu, ƙasar da ta ɓalle daga Sudan a 2011, amma yawancin wasanninta na "gida" a Benghazi na ƙasar Libiya ta buga su. Mai horarwa kuwa ɗan Ghana ne, Kwesi Appiah, wanda ya jagoranci ƙasarsa a gasar cin kofin duniya ta 2014, ya karɓi aikin Sudan a 2023.

Masu karatu a Nijar ba sa buƙatar a tuna musu yadda wasannin neman gurbi suka kaya, don rukuni ɗaya aka haɗa su: Angola da Ghana da Nijar da Sudan. Sudan ta ci Mena 1-0 a Juba. Ta riƙe Ghana canjaras a Accra, sannan ta doke ta 2-0 a Benghazi cikin Oktoban 2024. A watan Nuwamba Mena ta rama, ta lallasa Sudan 4-0 a Lome, inda ita ma ta je aron fili, duk da cewa dalilinta daban ne, na rashin cika sharuɗɗan CAF. A ranar ƙarshe Nijar ta yi abin da ake nema, ta ci Ghana 2-1 a Accra, sai dai Sudan ta tashi babu ci da Angola. Sudan ta gama da maki 8, Nijar da 7. Maki ɗaya ya raba su. Ghana ce ta ƙarshe a rukunin, kuma ɗanta ne ya taimaka aka fitar da ita.

Sirrin tawagar yana wurin ƙungiyoyin Omdurman biyu, domin daga cikinsu ake ɗibar mafi yawan 'yan wasa. Da sun zauna babu gasa, da ƙafafu sun yi tsatsa. Shi ya sa aka yi abin da ba a saba gani ba: Hilal da Merrikh suka shiga gasar lig ta ƙasar Muritaniya a kakar 2024-2025, Hilal ma ta gama a saman teburi, kuma daga Nuwakshot ta kai wasan daf da na kusa da na ƙarshe a gasar zakarun Afirka kafin Al-Ahly ta Masar ta cire ta. A kakar da ta biyo baya suka koma lig ɗin Ruwanda. Mutanen da suka yi watanni suna kwana a masauki ɗaya, suna atisaye tare, sun san juna fiye da tawagar da ke tattaro 'yan wasa daga Turai kwana huɗu kafin wasa. An ga amfanin haka a gasar CHAN ta 'yan wasan gida a watan Agustan 2025, inda Sudan ta ci Najeriya 4-0 a Zanzibar, ta kai wasan kusa da na ƙarshe.

A Maroko kuwa, gaskiya ba ta yi ƙoƙarin da zai sa a yi ta yabo ba. Aljeriya ta ci ta 3-0, Burkina Faso ta ci ta 2-0. Nasara ɗaya ta samu, 1-0 a kan Equatorial Guinea, ita ma ɗan wasan abokan karawar ne ya ci gida. Amma tsarin gasar mai ƙasashe 24 yana ba huɗu daga cikin waɗanda suka zo na uku damar wucewa, kuma wannan ce nasarar Sudan ta farko a gasar tun 2012.

Kallo sai da wuta, sai da intanet

A yankin Gabas ta Tsakiya da arewacin Afirka, har da Sudan, tashar beIN Sports ta Qatar ce ke nuna gasar, kamar yadda Canal+ ke yi a ƙasashen da ke amfani da Faransanci. Kuɗin rajistarta ya fi ƙarfin yawancin gidaje tun kafin yaƙi. Don haka Khartoum ta daɗe da nata gidajen kallo, waɗanda ake kira nadi al-mushahada, kuma duk wanda ya san gidan kallo a Fagge ko a Maraɗi ya san tsarin: benci, babban talabijin, kuɗin shiga kaɗan, mai shayi a bakin ƙofa. Bambancin kawai a Khartoum mata ne aka fi sani da sayar da shayin.

Yaƙi ya taɓa kowane ɗaya daga cikin abubuwan da gidan kallo ke dogaro da su. An kwashe wayoyin tagulla, an farfasa taransifoma a unguwanni da dama na babban birnin. A 2025 jirage marasa matuƙa sun kai hari kan tashoshin lantarki, har da ta madatsar ruwa ta Merowe wadda ke ba ƙasar kaso mai yawa na wutarta. Janareta na son mai, mai kuma ya yi tsada, saboda haka farantan sola da batir suka zama abin dogaro ga wanda ya samu hali. A watan Fabrairun 2024 layukan Zain da Sudani da MTN sun ɗauke a yawancin ƙasar, aka koma biyan kuɗin awa a wuraren da ke da na'urar Starlink. Mutum kan zo ya karɓi kuɗin da ɗan'uwansa ya turo ta manhajar Bankak, ya tambayi lafiyar dangi, idan lokaci ya ragu ya duba sakamakon wasa.

Sannan su kansu 'yan kallon sun warwatse. Yaƙin ya raba mutum fiye da miliyan 11 da gidajensu. Abokan da suka saba zama benci ɗaya a Alshajara, yanzu wani na Alƙahira, wani na Port Sudan, wani na Jidda, wani na sansanin 'yan gudun hijira a gabashin Chadi. Gardamar da ake yi da baki bayan an tashi wasa ta koma saƙon murya a WhatsApp. Ga iyalin da ya rabu haka, ranar wasa na daga cikin 'yan ranakun da kowa ya san abin da sauran ke yi a daidai wannan sa'ar.

Hausawan Sudan, wa suke goyon baya?

A Kano ko Damagaram akan ɗauka cewa Bahaushen Sudan zai so Najeriya ko Nijar ta yi nasara idan an haɗu. Wannan zato ne na wanda bai san tarihin ba. Hausawa da Fulani sun daɗe suna bi ta Sudan zuwa aikin hajji da ƙafa, wasu suka zauna. Bayan yaƙin Burmi na 1903, inda Turawa suka kashe Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da hijira da jama'a masu yawa, suka kafa garin Mai Wurno a gefen Shuɗin Nilu, kusa da Sennar. Jikokinsu sun yi noman auduga a Gezira, sun zauna a Gadarif da Kassala da unguwannin kudancin Khartoum. Yau akwai waɗanda kakanninsu ma a Sudan aka haife su. Larabcin Sudan suke yi a kasuwa, Hausa a gida, kuma a ƙwallo ko dai Hilal ne ko Merrikh, kamar kowa.

Sai dai zamansu ɗan ƙasa bai taɓa zuwa da sauƙi ba. Dokar ɗan ƙasa ta 1957 ta nemi mutum ya nuna cewa kakanninsa na zaune a ƙasar tun kafin 1898, sharaɗin da ya bar zuriyar mutanen Burmi a waje. An sassauta dokar daga baya, amma sunan Fallata da ake kiransu da shi har yanzu wasu na faɗinsa da nufin baƙo. A watan Yulin 2022 rikicin ƙasar noma da sarauta a jihar Shuɗin Nilu ya ci rayuka da dama, Hausawa suka fito zanga-zanga a Khartoum da wasu garuruwa. Saboda haka idan matashi Bahaushe a Khartoum ya ɗaga tutar Sudan ranar da ta ci Najeriya 4-0, abin ya wuce zolayar dangi na yamma. Gidan kallo na cikin wuraren da ba a tambayar mutum takardar asalin kakansa kafin ya yi ihun murna.

Ko ƙwallo na iya tsayar da yaƙi?

Duk lokacin da ƙasar da ke cikin rikici ta yi nasara a wasa, misali biyu ake kawowa. Na farko daga wasan zari-ruga ne, wasan da Turawan Ingila suka dasa a Kenya da Uganda da Afirka ta Kudu amma bai kama ƙasa a Sudan ba. A wasan ƙarshe na cin kofin duniya a Johannesburg, ranar 24 ga Yunin 1995, Afirka ta Kudu ta doke New Zealand 15-12, Nelson Mandela ya shigo fili sanye da rigar ƙungiyar da baƙaƙe suka daɗe suna kallo a matsayin ta farar fata, ya miƙa wa kyaftin Francois Pienaar kofi. Abin da ake mantawa shi ne an riga an yi sulhu, an yi zaɓen 1994. Wasan ya zo ne bayan an gama magana a teburi.

Misali na biyu a Omdurman ɗin ma ya faru. Ranar 8 ga Oktoban 2005 Kwaddibuwa ta ci Sudan 3-1, ta samu gurbin zuwa gasar cin kofin duniya a karon farko. A ɗakin sauya kaya, gaban kyamara, Didier Drogba da abokan wasansa suka durƙusa suka roƙi ɓangarorin ƙasarsu su ajiye makamai. Roƙon ya shiga zukata, amma yarjejeniyar Wagadugu sai a watan Maris na 2007 aka sa mata hannu, kuma ƙasar ta sake faɗawa cikin rikici bayan zaɓen 2010.

Sudan ba ta kai ko ɗaya daga cikin matakan nan ba. Wata biyu kafin a fara gasar Maroko, RSF ta ƙwace El-Fasher a Darfur bayan doguwar ƙawanya, kuma ana cikin gasar ana gwabzawa a Kordofan. Ba a tsagaita wuta don wasa ba.

Gasa ta gaba a 2027 za a yi ta, a Kenya da Tanzaniya da Uganda. Kafin Sudan ta karɓi baƙo a gida a wasan neman gurbi, sai an gyara fili, CAF ta turo masu dubawa sun amince da ciyawa da fitilu da tsaro, kuma jiragen baƙi sun iya sauka lafiya. A Alshajara, gyaran taransifoma da famfon ruwa ne ke gaba a layi.